Amsa: yaya dutsen tama ke lanƙwashewa bai karye ba?

Malam, ka ce ka ga hoton dutsen tama mai layi-layi ja da baƙi ya nannaɗe kamar tabarma, kana tambaya ko narkewa ya yi. A'a, bai narke ba, nan ne ma mutane da yawa ke kuskure. Hematait da magnetait, manyan ma'adanan tama kenan, sai zafi ya haura digiri 1500 na ma'aunin Celsius suke narkewa, amma lanƙwasa tun ƙasa da rabin haka take farawa.

Kusa da saman ƙasa dutse karyewa yake in an matsa shi. Amma duk kilomita ɗaya da ka nutsa zafi na ƙaruwa da kamar digiri 25 zuwa 30, ga nauyin duwatsun sama ya danne ko ina ya hana tsaga buɗewa, to sai ƙwayoyin zarra su riƙa zamewa kaɗan-kaɗan cikin kiristal, wato tsararren jerin zarra na ma'adanin, shekaru miliyoyi ana abu ɗaya, tsofaffin ƙwayoyin ma'adanin na sake tsari suna zama sababbi. Hematait ya fi nuna alama, ƙwayoyinsa falle-falle ne, sai su kwanta su fuskanci gefe guda, shi ya sa tamar Minas Gerais ta Brazil take ƙyalli tana ɓarewa.

Kar dai ka ce za ka gwada da wuta da guduma, tarwatsewa zai yi, saurin ya yi yawa.  In samfuri gare ka, kai wa masanin duwatsu ya yanka siriri ya duba a madubin ƙara girma.