Tambayi Makanike: DT ɗina ya koma shan mai, in rage masa jet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina aikin rigakafin dabbobi, da Yamaha DT 125 nake shiga ƙauyukan Dakoro da Mayahi. Tun da bazara ta kama babur ɗin ya canza hali: shan mai ya ƙaru, hayaƙi ya yi yawa, in na murɗa totur sai ya yi ta in'ina kafin ya ɗauka, buji kuma baƙi ƙirin. Wani yaro a gareji ya ce in sa jet mai ƙaramar huda a kafireta, wai zan samu sauƙin mai. In yarda? Daga ɗanka a unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Dakata tukuna. Yaron bai yi ƙarya ba, sai dai ya fara daga inda ake ƙarewa.

Duk abin da ka lissafa alama ce ta mai ya rinjayi iska. To amma me ya rage iskar? Kafin ka taɓa kafireta, buɗe murfin gefe ka ciro soson matatar iska. Na san abin da za ka tarar: ƙurar hunturun bana kaf tana ciki, ta haɗu da mai ta zama laka. Wanke shi da kananzir, ka bi da ruwan sabulu, ka shanya a inuwa. In ya bushe ka shafa masa man inji kaɗan, ka matse a tafin hannu, ban da murɗawa, don yagewa yake. Mafi yawan baburan da ake kawo mini da wannan kuka, a nan maganarsu ke ƙarewa. Masu cire soson su yar wai don injin ya sha iska kuwa, Allah ya shirye su, rairayi suke ɗura wa fistan.

In ka wanke bai daina ba, sai mu zo kan zafi. Da asubar Janairu ma'aunin zafi kan sauka wajen digiri 15, a tsakar ranar Afrilu ko Mayu ya haura 42. Tsakanin waɗannan biyun iska kan rasa kusan kashi 9 cikin 100 na kaurinta, alhali hudar jet, wadda mai ke bi ta cikinta, tana nan yadda take. Dole mai ya yi yawa. Gyaransa kuma hawa-hawa ne, domin kafireta ba ƙofa ɗaya take ba da mai ba.

Daga ralanti zuwa rubu'in totur, ƙaramin jet ne da sukurun iska ke aiki. Ka bari injin ya yi zafi, ka rufe sukurun a hankali har ya zauna, kada ka ɗaure shi da ƙarfi, bakinsa lalacewa yake. Sai ka buɗe zagaye ɗaya da rabi, ka riƙa ƙarawa ko ragewa rubu'i-rubu'i kana saurare, har inda injin ya fi sakin murya.

Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, aikin allura ne, kuma nan ne kake wuni, tunda ba tsere kake ba. Nan nake zargin ciwon naka yake. Kwance murfin saman kafireta ka zaro allurar. A kanta akwai tsaga biyar da ƴar makama, galibi a ta tsakiya. Ka matsar da makamar sama tsaga ɗaya, allura ta ƙara nutsewa, mai ya ragu. Ko dala ba za ka kashe ba. Ka shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka fara, domin makamar nan in ta yi tsalle ta faɗa ƙasar gareji, sai dai a yi haƙuri. Ka kuma bi jikin allurar da farce: in ka ji wani ɗan mataki mai sheƙi, ta cinye ne, a sauya ta tare da bututun da take shiga.

Babban jet, wanda yaron ke nufi, sai a ƙarshen totur yake mulki. In dole sai an taɓa shi, mataki ɗaya ake sauka, ba biyu ba. Kafiretar DT ta kamfanin Mikuni ce, kuma lambar jet ɗin Mikuni ba ta zo ɗaya da ta kamfanin Keihin ba, don haka kar a ɗauko na wani babur a ce ai lambar ta yi kusa. In ka sa, ɗaura sabon buji, ka samu miƙaƙƙiyar kwalta da ba jama'a, ka ba shi wuta duka a giyar ƙarshe kamar rabin minti, sannan ka kama kulochi ka kashe injin nan take. Ciro bujin ka duba. Launin ƙuli-ƙuli ake nema. In ya yi fari fat ko toka-toka, mayar da tsohon jet kafin ka sake tayarwa.

Ga dalilin tsorona. Injin bugu biyu irin na DT da man da yake sha yake rage zafin cikinsa. Ka sauka daga kwalta ka shiga rairayin arewacin Dakoro, giya ta biyu, totur a buɗe, kaya a baya, ba iskar kirki da ke bugun kan injin. Babur ɗin da mai ya yi wa yawa buji kawai zai ɓata maka. Wanda mai ya yi wa kaɗan fistan zai huda ko ya kame, kai kuma kana inda ba gareji. In ka ji ƙarar ƙyal-ƙyal a kan injin, ko ka saki totur ya ƙi saukowa da wuri, tsaya. Wannan na biyun yakan zama iska ce ke satar shiga ta robar wuyan kafireta da ta tsage. Duk abin da ka rage yanzu kuma, ka mayar da shi yadda yake idan sanyin Nuwamba ya shigo.

TAMBAYA: Baba, famfon man injin DT ɗina ya mutu, yanzu da hannu nake haɗawa a tanki. Ina zubawa da yawa don kariya. Da laifi? Daga Tibiri.

AMSA: Da laifi, malam. Man injin da ka ƙara ta huda ɗaya yake bi da fetur, wurin fetur ɗin yake ci, ga toshe salansa da ɓata buji. Nemi sirinji a kantin magani ka riƙa awo: mililita 30 na man 2T, wato man injin bugu biyu, a kowace litar fetur, ka girgiza a jarka kafin ka juye. Ban da baƙin man da aka zubar daga mota. In man kwalba ka saya a bakin hanya, tace shi da ƙyalle mai tsabta. Ka kuma duba ɗan bakin da tiyon famfon ke shiga a da: in an bar shi a buɗe, iska yake ja, a toshe shi yau.