Tambaya da Amsa: Aron Kayan Maɗaba'ar Ƙungiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta haɗa kuɗi ta buɗe 'yar maɗaba'a da 'yan sa kai ke kula da ita. Muna da firinta Epson mai tankin tawada, injin gasa riga, injin yankan takarda, na lamineshin, da firam-firam na buga riga. Yanzu mambobi na neman aro su tafi da su gida. Wasu sun ce a bayar tunda da kuɗinsu aka saya, wasu sun ce a hana. Ina mafita? Daga sakataren wata ƙungiya, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku yi wa kayan kuɗin goro. Ku raba su gida biyu: masu fita, da waɗanda ba sa ƙetare ƙofa.

Firinta ba ta fita. Da an karkata ta a bayan babur, tawada na iya zubowa, iska ta shiga bututu, sai rubutu ya riƙa fitowa da farin layi-layi. Maganinsa wanke kan firintar sau da yawa, wanda ke shan tawada, yana kuma cika soson da ke tsotse ta a ciki. Injin yanka ma ya zauna. Ban da haɗarin yatsu, ƙarfen sitefula ɗaya ya isa ya yi wa wuƙar giɓi. Mai buƙatar waɗannan biyu a ba shi lokaci ya zo shago.

Injin gasa riga yana iya fita, amma a fara tambayar mai aro wace wuta zai sa masa. Mai faɗin santimita 38 yakan ja wat 1,400 zuwa 1,800, ƙaramin janaretan nan na gida kuwa bai kai wat 1,000 ba. Siririyar wayar jona wuta ma zafi take yi har ta narke. Ku manna takarda a jikin injin: roban rubutu na riga digiri 150 zuwa 160 a ma'aunin Celsius, daƙiƙa 10 zuwa 15, hoton sabilimeshin (wanda zafi ke shigar da tawadarsa cikin yadi) a kan foliyesta wajen digiri 200, kusan minti ɗaya. Shimfiɗar Teflon, wadda ake sawa tsakanin farantin injin da riga, ta bi injin, in ba haka ba roba ta manne a farantin sama, wani ya kankare da wuƙa ya lalata shi.

Firam ne ya fi jawo rigima. Tawada mai haɗin ruwa tana bushewa a idon ragar firam cikin 'yan mintuna, balle da hunturu ko a ƙarƙashin fanka. Doka ita ce a wanke nan take, ba gobe ba. Idan an dawo da shi, mai karɓa ya ɗaga shi ya duba ta hasken taga. Duk inda haske bai wuce ba ya toshe. Sikwiji kuma, wato abin jan tawada a kan raga, a kwantar da shi, kada a tsayar a kan bakin robarsa ya lanƙwashe. Injin lamineshin ba shi da wuya: rufaffen bakin leda ake fara turawa, in aka juya sai ta nannaɗe a kan rola.

Sai littafin aro. Kowane kaya a rubuta masa lamba da fenti. A shigar da suna, lambar kayan, duk abin da ya bi shi har wayar wuta, da ranar dawowa, mutum biyu su sa hannu. A kunna injin a gaban mai aro ranar fita da ranar dawowa. Nan ne ake kashe maganar "haka na same shi". Kwana uku ya wadatar, kuma ba a ara wa wani abin da aka aro.

Kuɗin jingina kada ya kai kuɗin injin, don ba wanda zai iya. Ku ɗaure shi da farashin abin da ya fi saurin lalacewa, kamar sabuwar raga ko shimfiɗar Teflon. Tsufan kaya asusun ƙungiya ne zai ɗauka, sakaci kuwa mai aro. Makulli ya zauna a hannun mutum ɗaya, shugaba ma in zai ara ya sa hannu a littafin.