Yuro 3,000 a faktir, nawa ne naka?

Wani matashi ɗan unguwar Yelwa a nan Garwa, wanda yanzu yake Liyon a Faransa, ya aiko mini da tambaya. Ga ta a taƙaice: "Kawu, wata huɗu ke nan da na bar aikin albashi na yi rajistar micro-entrepreneur, wato ƙaramin mai sana'ar kansa, ina saka tayil a gidajen da ake gyarawa. Duk wata ina rubuta faktir, wato takardar neman kuɗin aikina, na Yuro 3,000. Man mota, inshora da faifan yankan tayil suna cin kamar 450. Na faɗa wa Inna adadin don ta ji daɗi, sai ga Yaya ya kira wai a fara gini a filinmu. Nawa ne nawa a kuɗin nan, kuma nawa zan iya turawa gida ban shiga uku ba?"

Ɗana, na san abin da ya faru a tsakar gidanku kamar ina zaune a wurin. Kana cewa dubu uku, Yaya ya zaro waya ya buga, tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne tun 1999 bai taɓa motsi ba, sai ga kusan miliyan biyu a fuskar waya. Kafin Inna ta gama sa maka albarka ya fara ƙirga buhunan simintin Figil. Ban ga laifinsa ba. Kai ka ba shi adadin da kai kanka ba ka riƙe ba.

Lokacin da kake albashi, mai gidanka ke cire na hukuma kafin kuɗi su taɓa hannunka. Yanzu duka ake zubo maka, naka da wanda ba naka ba, a asusu ɗaya. Na farkon mai bin ka ita ce URSSAF, wadda ke karɓar kuɗin lafiya da na fansho. Ga mai sana'ar hannu irin taka, a 2025 tana ɗaukar kashi 21.2 cikin 100 na duk abin da ya shigo, wato Yuro 636 a kan 3,000, sai fa in ka nemi rangwamen ACRE na shekarar farko lokacin rajista. Akwai wasu ƙananan biyu da ke biyo baya, na horon sana'a da na majalisar masu sana'ar hannu, waɗanda haɗe ba su kai kashi 1 ba. Mu ce Yuro 25.

Wata huɗun da ka ambata ne ya tsaya mini a rai. Sabon mai rajista ba ya bayyana kuɗin shigarsa sai bayan kwana 90, saboda haka bayanin farko na mai biya wata-wata yana haɗa watan farawa da uku na bayansa. In ba ka ware komai ba, Yuro 2,544 ne ke jiran ka a ƙofa yanzu haka. A nan yawancin yaranmu ke faɗawa: shirun wata uku sai su ɗauka an manta da su. Ka shiga shafinka na URSSAF yau ka ga ranar biya, kuma ko watan da ba ka samu ko sisi ba dole ka shiga ka rubuta sifili.

Sai abin da ya fi cizo a wannan tsari. Hukuma ba ta cire maka abin da ka kashe. Wannan 450 ɗin na mai, da faifai, da inshorar shekara goma da doka ta ɗora wa masu aikin gini, duk sai an yanki kashi 21.2 a kansu kamar riba ce. Saboda haka in mai gida ya ce ka sayo tayil da gam da kuɗinka ka saka a faktir, ka ƙi cikin ladabi. Ya saya da sunansa, kai ka rubuta ladan hannunka kawai. Tayil na Yuro 1,000 da ya ratsa ta faktir ɗinka, kana iya yin sadakar har 212 ba da niyya ba, kuma yana iya tura ka kusa da iyakar Yuro 37,500 a shekara, wadda a 2025 daga ita ake shiga sha'anin TVA, harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki. Da 3,000 sau 12 kana 36,000, ka ga saura ƙiris.

Harajin kuɗin shiga kuwa, wanda kowa ke tsoro, shi ne ƙarami a wurinka. Ofishin haraji yana ɗaukar rabin abin da ya shigo a matsayin kuɗin aiki, ya lissafa a kan sauran rabin, wato 18,000 in ka yi shekara cur. A ma'aunin 2025, Yuro 11,497 na farko babu haraji, abin da ya hau kai kashi 11 ne. Ya kama kusan 715 a shekara, kuma akwai sassaucin da ake yi wa masu ƙaramin haraji da zai ƙara zaftare shi sosai. Za ka ji abokai a shantiye, wato wurin aikin gini, suna yabon versement libératoire, inda ake cire kashi 1.7 tare da na URSSAF a huta. A kan 36,000 Yuro 612 ne, kuma ba a mayar maka ko da ya zamana bai kamata ka biya haka ba. Ni ban ga ribarsa gare ka ba. Ka ajiye 50 duk wata, ta isa, rarar ta tare maka CFE, harajin sana'a na ƙaramar hukuma, wanda ake yafewa a shekarar rajista amma daga ta biyu ake biya kafin 15 ga Disamba.

To, mu cire: 636, da 25, da 50, da 450. Saura 1,839. Har yanzu da sauran rina a kaba, domin mai albashi a Faransa yana da hutun mako biyar ana biyan sa, kai ranar da ba ka durƙusa a kan siminti ba babu komai, ga watan Agusta da shantiye da yawa ke rufewa. Ka lissafa aikin wata 11 ka raba wa 12, ka samu kimanin 1,680. Sefa miliyan 1 da dubu 100 ke nan, kuma a ciki za ka biya haya a Liyon, ka ci, ka sha, ka tara kuɗin jirgin zuwa gida. Wannan adadin za ka faɗa wa Yaya, da bakinka, kada ka aika kowa.

Game da turo kuɗi, ka yanke wa Inna abu tsayayye duk wata wanda ko a watan da babu aiki za ka iya cikawa. Kuma ka daina bai wa matafiya a ambulan. Dokar Faransa ta yarda a cire daga kuɗin da ake yi wa haraji abin da ɗa ke ciyar da iyayensa mabuƙata, ko da suna waje, matuƙar akwai shaida. Iyaye da kakanni fa. Yaya da ƙanne ba sa ciki, gini ma ba ya ciki. Sau da yawa ina ganin tsofaffi a rumfunan Orange Money da MTN na bakin kasuwa, an turo kuɗin a lambar jika ko ta maƙwabci saboda tsohuwa ba ta iya danna waya ba. A takarda, wannan kuɗin bai je wa uwa ba. A buɗe wa Inna layi da katin ɗan ƙasarta, ko da wani ne zai riƙa raka ta, kai kuma ka adana kowane rasit tare da takardar haihuwarka da ke nuna ita ce mahaifiyarka.

Ba ka faɗa mini irin takardar zaman da ke hannunka ba, kuma wannan ya fi duk lissafin nan nauyi. Katin da aka rubuta salarié a kai na aikin albashi ne, bai ba ka damar aikin kanka ba. Katin zama na shekara 10 da na vie privée et familiale, wato na zaman iyali, sun ba ka. In kuwa na entrepreneur ne, lokacin sabuntawa za a duba ko abin da kake samu ya kai mafi ƙarancin albashi, kuma takardar haraji ake kallo, don haka aikin da aka biya ka a hannu ba a rubuta ba, kanka ka cuta. Haka nan in duk faktir ɗinka na tsohon mai gidanka ne shi kaɗai, shi ke sa maka lokacin zuwa da na tashi, doka na iya ɗaukar wannan a matsayin albashi da aka ɓoye. Ka nemi mai ba ka aiki na biyu da na uku.

Gini kuwa ya dakata har ka biya URSSAF na farko, ka kuma tara kuɗin zaman wata uku a asusu daban. In Yaya ya matsa, a zagaye filin da bulo layi uku kafin damina. Ka rubuto mini abin da aka buga a gaban katinka da ranar ƙarewarsa.