Amsa ga ɗiyata ta Ƙoƙi, daga Zangon Kumasi

Ɗiyata, ranar wunin biki a tsakar gidanku na Ƙoƙi kin yi min tambaya biyu a lokaci guda. Ta farko, yaya matan zango suke fara sana'ar abinci da jarin da bai taka kara ya karya ba, tunda ke ma kina son fara ƙulla yaji da garin kunu. Ta biyu kuwa sai da kika sassauta murya: wai da gaske ne matan aure a wajenmu suna zama bakin titi da tukunya? Kafin in buɗe baki wata ƙawar amarya ta ce, "Ai su can Hausar ma koyonta suke," aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Yanzu da na dawo gida na huce, ga amsarki.

Da gaske ne, muna zama. Ni da kaina na yi shekara ashirin da wani abu a kan benci ɗaya a Aboabo, da tukunyar koko a gabana da kaskon ƙosai a gefe, kuma da mayafina. A Kano kuna dafawa a cikin gida ku ɗora wa yarinya talla. Mu tamu yarinyar tana makaranta, uwar ce take zama ta karɓi kuɗinta da hannunta. Ban ce namu ya fi ba, sai dai ba na son a riƙa faɗarsa kamar abin kunya.

Ki duba sunayen abincin da duk Gana take ci. Kokon gero mai citta da kanumfari da masoro, Hausa koko suke ce masa, har a Ankara, babban birnin Gana. Ƙosai sun mayar da shi koose. Waakye, wanda ake yi wa layi tun da asuba, wake da shinkafa ne, ana dafa shi da karan dafi da 'yar kanwa ya yi ja. Tuo zaafi kuwa ba sai na fassara miki ba. Duk a kan tukwanen matan zango sunayen nan suka bazu.

Kakan babanmu daga cikin birnin Kano ya tashi da ayarin fatake, da kanwa da baƙaƙen rini, zuwa Salaga neman goro. Bayan yaƙin basasar da ya watsa kasuwar Salaga a 1892, mutanenmu suka bazu, wasu Kete Krachi, wajen da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna, wasu daga baya suka gangaro Kumasi. A 1969 gwamnatin Busia ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasar. A shekarar ne kakanki, wato baffana, ya kwaso iyalinsa ya koma Kano. Babanmu ya tsaya, amma cinikinsa ya mutu murus, don abokan hulɗarsa duk sun tafi. Innarmu ce ta riƙe gidan. Da olonka biyu na gero ta fara (olonka shi ne gwangwanin awonmu, kamar yadda kuke da tiya), da tukunyar da aka kai ta ɗaki da ita. Ba ta sayi komai sabo ba sai matata.

To, wannan shi ne amsar tambayarki ta farko. Kada ki fara da sayen injin liƙe leda da buga takarda mai hoto. Ki fara da abin da zai ƙare a kwana biyu ko uku, kuɗin su dawo ki sake saro kaya. Innarmu tana da gwangwani biyu a ƙarƙashin gado, ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba. Na uwar kuɗin ko rashin lafiya ake yi sai an yi shawara kafin a taɓa shi. Daga na ribar take zubin susu, adashinmu ke nan, kullum da yamma mai karɓa ya zo ya rubuta a kati. Da kwasar farko ta sayi babbar tukunya. Kuma ki lissafa komai: kuɗin niƙa, leda, gawayi, kuɗin adaidaita zuwa kasuwa. Mata da yawa suna ganin ciniki na tafiya, ashe uwar kuɗin suke ci ba su sani ba.

Ke kin ma fi mu gata. Gero da wake da citta suna jibge a Dawanau, ki saya da kaka lokacin da suke araha. Ga iskar hunturu da za ta busar miki da gari ƙayau. Mu nan damina biyu muke yi a shekara, laima ba ta barin komai. Shekarar da na fara garin koko na leda, na ƙulle shi bai gama bushewa ba, cikin mako guda ya yi hunhuna, rabin buhu na zubar ina kuka. Yaji ma haka yake: idan ƙuli-ƙulin bai soyu ba, ko da sauran mai a jikinsa, zai canja wari kafin ya ƙare a hannun mai saye. Wajen niƙa ki tsaya a kan kayanki, ki sa a fara wuce da ɗan tsaki, don kada barkonon wata ya shiga garin kununki. Lambar NAFDAC za ki buƙace ta ranar da kike son kayanki su hau kantar manyan shaguna, kamar yadda mu ma sai da ta FDA, hukumar abinci da magunguna ta Gana. Kafin nan, unguwa da gidajen biki da WhatsApp sun ishe ki koyon sana'ar. Bashi kuwa, dangi ne za su fara karya ki. Ki koyi cewa "Gwaggo, wannan na jari ne" kina murmushi.

Na san maganar da ba ki ƙarasa ba, ta aure. E, yayana ya auri Ba'ashantiya, ta musulunta, 'yata kuma tana gidan Badagombe. Ashanti ta wajen uwa suke lissafa dangi, mu ta wajen uba, sai 'ya'yan yayana suka tashi kowane ɓangare yana cewa nasa ne, kuma ban ga inda hakan ya cuce su ba. Matar nan da wasu a Kano har yau ba sa kiran sunanta, ita ta koya min rubuta ciniki a littafi, ita ta yi jinyar Innarmu har ta cika. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, babban limamin ƙasar gaba ɗaya, ɗan zango ne, da Hausa yake magana. Yaranmu suna cewa "mace ya zo", suna cusa Twi, harshen Ashanti, a tsakiyar zance, na yarda. Amma da Hausar suke sallama, da ita suke ciniki, da ita aka yi min gaisuwar Inna kwana bakwai. A nan ana ce mana 'yan Najeriya, na zo Kano an ce min 'yar Gana, har mai adaidaita ya ninka min kuɗi daga Ƙofar Mata zuwa Rimi da ya ji harshena.

Idan kin yi ƙullin farko, ki aiko min da guda biyu ta hannun masu motar goro in ɗanɗana, zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi miki daɗi ba. Ki haɗo min da kuka da daddawa ta Kurmi. Wadda na taho da ita matar yayana ta raba ta biyu tun a bakin ƙofa. Ki gaida Hajiya da jiki.