Amsoshin Wasiƙunku: Kai Yara Kangon Fadar Kenilworth

Tambaya: A Coventry muke zaune. An ba ɗiyata labarin tsohuwar fadar Kenilworth a makaranta, ta hana ni sakat sai mun je. Shekararta 6, ƙanenta 2. Na ji an ce rusasshen gini ne, gabana sai faɗuwa yake. In je ko in haƙura?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ki kai su. Ba jiya ginin ya rushe ba. Wajen shekarar 1120 aka fara gina shi, kuma da gangan sojojin majalisa suka rusa wani sashe a 1649, bayan yaƙin basasar Ingila, don kada wani ya sake fakewa a ciki. Yau hukumar English Heritage ke kula da wurin, ga fili mai ciyawa da yaro zai yi gudu har ya gaji. Inda nake so ki sa ido shi ne benen da Robert Dudley, wani babban bafaden Ingila, ya gina wa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta yi kwana 19 a can a 1575. An sa masa matakala da ke kai mutum sama har mita 18. Keken yara ba ya hawa can. Ki goya ƙaramin, ki ɗaure da majanyi tamau, babbar kuma kada hannunta ya bar naki sai kun sauko.

Tambaya: Iyali uku za mu je, muna so mu yi wa yara anko saboda hoto. Shadda ko yadi?

Amsa: Hajiya, kin tambayi shadda da yadi, ba ki tambayi takalmi ba, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Za a zuba fam mai yawa a ɗinki, a biya kuɗin aiko shi daga gida, sannan a sa wa yaro silifas ko wani jabun kambas da aka tsinta a intanet, tambarin babban kamfani a jiki, ƙasansa kuwa sumul kamar faranti. Dutsen da aka shekara ɗaruruwa ana takawa ya side, ga gansakuka, ga yayyafin Ingila da ba ya sallama. A wani kango irin wannan na ga yaro cikin sabuwar shadda mai maiƙo, ƙafar wandon tana jan ƙasa. Taku uku ya yi a matakala, santsi ya kwashe shi, leɓensa ya fashe, jini har wuyan riga. Uwar tana kuka, shi yana kuka, hoton da aka zo dominsa ba a ɗauka ba. Ki juya takalmi ki shafa ƙasansa da yatsa kafin ki biya. In babu zane mai zurfi, ki ajiye. Ki sayi rigar ruwa. Ki yi guzuri daga gida, don abincin irin waɗannan wurare akwai tsada, ga batun halal. Kantin tsaraba ma ku yi magana da yaran tun a mota: abu ɗaya kowa, in ba haka ba takobin katako zai cinye kuɗin cefane. Ankon a bar shi sai Sallah.

Tambaya: In yanki katin shiga na shekara na hukumar English Heritage?

Amsa: In zuwa ɗaya ne, a'a. Ka sayi tikiti a shafinsu tun kafin ranar, ya fi sauƙi, kuma 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa biya. Katin yana da riba ga mai yawo da yara da yawa, tunda babba mai kati yana shiga da yara har shida kyauta. Ka karanta sharaɗin sabuntawa, kada kuɗi su riƙa fita daga asusunka ba ka sani ba.

Tambaya: Zan iya ɓanto ɗan jan dutse daga bango in kai gida tsaraba?

Amsa: Haba Malam! A gaban 'ya'yanka? Doka ta kare wurin, laifi ne da ake hukunta mutum a kansa. Ka bar musu bangonsu.