Sashen Magana Na IELTS: Yadda Ake Amsa Tambayoyin Gida Da Gine-gine

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Katsina, ina neman rajistar aiki a Ingila. Na zauna jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci, na samu makin da ake so a karatu da saurare da rubutu, amma a magana 6 na samu, alhali 7 ake nema. Inda na fi rikicewa shi ne lokacin da mai jarrabawa ya tambaye ni irin gidan da nake zaune, da ko na fi son gida mai tsakar gida ko zama a bene, daga baya kuma ya shiga batun tsofaffin gine-gine. Na haddace amsoshi daga intanet a kan dogayen benaye, amma da ya juya tambayar sai komai ya ɓace mini. Ni a gidan gado na taso, na rasa abin da zan faɗa da zai burge Bature. Yaya zan gyara?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa a dace a zama na gaba.

Bari mu fara da maganarki ta ƙarshe, domin a nan matsalar take kwance. Mai jarrabawa ba ya ba da maki don gidanki ya burge shi, ba ya kuma duba ko ra'ayinki ya yi daidai da nasa. Abu huɗu ke gabansa, kowanne da nauyi ɗaya: yadda magana take gudana kuma take haɗuwa da juna, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Sanin gine-ginen zamani ba ya cikin abin da ake aunawa. Wadda ta taso a gidan gado a cikin birnin Katsina da wanda ya taso a hawa na ashirin a Dubai, ma'auni ɗaya ake ɗora su a kai. Ni a ganina ma kin fi shi abin faɗa, in kin yarda ki faɗa.

Sashen magana minti 11 zuwa 14 ne, kashi uku. Na farko minti 4 zuwa 5, tambayoyi gajeru a kan rayuwarki, kuma sau da yawa da gida ko garin haihuwa ko aiki ake buɗewa. Na biyu a ba ki kati mai ɗauke da batu, ki yi minti 1 kina shiri da takarda da fensir, sannan ki yi magana har zuwa minti 2. Na uku tattaunawa ce ta minti 4 zuwa 5 a kan abin da ya shafi batun katin, amma a faɗaɗe. Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Birtaniya tana neman 7 a magana da saurare da karatu, da 6.5 a rubutu, don haka tazarar da ta rage miki ba mai nisa ba ce.

Haddar da kika yi ita ta cuce ki. Wanda yake karanto hadda muryarsa takan sauya, ya riƙa gudu ba hawa ba sauka, kalmominsa su fi ƙarfin sauran maganarsa. Masu jarrabawar an horar da su su gane haka, kuma da sun gane sai su karkata tambayar. A lokacin hankalinki yana can yana neman layin da ya ɓace, kunnenki bai ji abin da aka tambaya ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Ki ajiye waɗannan amsoshin gaba ɗaya, ki koma gidan da kika sani lungu da saƙo.

A kashi na farko jimla biyu ko uku sun isa: ki ba da amsa kai tsaye, ki faɗi dalili, ki kawo ƙaramin misali. Aka ce wane irin gida kike zaune, kada ki tsaya a "babban gida ne" ki yi shiru. Ki ce gidan gado ne da kakanku ya gina, iyalai da dama ke ciki, kowa da sashensa, amma tsakar gida ɗaya ce, a nan ake girki da wanki, a nan yara ke wasa. Aka ce wane wuri kika fi so a gidan, ki ce gindin bishiyar da ke tsakar gida, domin in an ɗauke wuta a watan Afrilu nan kaɗai ake samun iska. Wannan amsa da ƙyar ta ɓace miki, tunda abin da idonki ya gani kike faɗa. Da gangan nake ba ki misalan da Hausa, don ki ɗinka su da Turancinki, kada su zama wata sabuwar hadda.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi daɗewa a kai. Abubuwa da yawa na gidan Bahaushe ba su da suna ɗaya a Turanci, irin su zaure da azara da dakali da makuba. Ɗalibai da yawa in sun zo nan sai su tsaya cak suna laluben kalmar, ko su tsallake batun don tsoro. Alhali bayanin ma'aunin maki na IELTS ya ambaci iya zagayawa a bayyana abu da wasu kalmomi a cikin abin da ake nema wajen yalwar kalmomi, kuma a mataki na 7 ana so mutum ya yi hakan da kyau. Wato abin da kike gudu shi ne damarki. Ki ambaci sunan da Hausa sau ɗaya, ki bi shi da bayani. Zaure ɗaki ne a bakin gida wanda duk mai shiga sai ya ratsa ta cikinsa, a nan maigida yake karɓar baƙi maza don kada su shiga inda mata suke. Azara itacen giginya ne da ake tsagawa a jera a yi rufi da shi, an fi son sa domin gara ba ta cin sa da sauƙi. Dakali wurin zama ne na ƙasa ko siminti a jikin bangon ƙofar gida, inda dattawa ke hira da yamma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayanai yana tilasta miki amfani da kalmomin haɗi irin su "which" da "where" da "so that", kuma irin waɗannan jimloli masu rassa su ake nema a nahawun mataki na 7. Kin ga da bayanin zaure kaɗai kin nuna kalmomi, kin nuna nahawu, kin kuma tsawaita magana ba tare da ƙaƙale ba.

Tambayar "wanne kika fi so" kuwa gayyata ce ta kwatantawa, kuma mu nan abin kwatantawa bai yi mana ƙaranci ba. Ginin ƙasa bangonsa kauri gare shi, yana jinkirta shigar zafi, shi ya sa soro yake da sanyi da rana, da dare kuma a lokacin hunturu yake riƙe ɗumi. Amma yana son kulawa, sai an riƙa yaɓe da gyaran indararo kafin damina, in ba haka ba ruwa ya ci shi. Ginin bulo da rufin kwano ba ya neman wannan wahalar duk shekara, sai dai da rana ɗakin yakan yi zafin da ba a zaunuwa sai da fanka. Bene yana da tsaro da sirri, ga ƙarancin ƙura, amma ranar da babu wutar da za ta tura ruwa zuwa tanki, sai an hau da jarka. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga rashin wurin shanya da wurin ɗaure ragon layya. Ki zaɓi ɓangare ɗaya ki tsaya a kai, sannan ki yarda da abu ɗaya mai kyau na ɗaya ɓangaren. Ki ƙara da sharaɗi: da a Landan zan zauna ni kaɗai ina aikin dare, da ƙaramin ɗaki kusa da asibiti zan zaɓa. Jimlar sharaɗi irin wannan, in ta fito daidai, tana da daraja a ma'aunin nahawu. Haka ma gwama da da yanzu: da can muna zaune a kaza, yanzu mun koma kaza, unguwar ta sauya tun da aka yi titi. A nan ki kula da lokutan aikatau, domin da yawanmu mukan fara labari a shuɗaɗɗen lokaci, kafin jimla ta uku mun zame zuwa na yanzu ba mu sani ba. Ki kuma lura cewa "used to" abin da aka saba yi a da aka daina yake nufi, ba abin da ake yi kullum yanzu ba, kamar yadda ake yawan amfani da shi a Turancin Najeriya.

In katin kashi na biyu ya ce ki bayyana wani gini mai tarihi ko wanda kike so, ba ki da buƙatar Burj Khalifa, dogon benen nan na Dubai, da ba ki taɓa shiga ba. Hasumiyar Gobarau tana garinku, ginin ƙasa da ya yi ƙarnuka a tsaye, wanda ya yi aikin kiran salla da hangen nesa. Ɗan Kano yana da Gidan Makama, wanda yanzu gidan tarihi ne, da Gidan Rumfa da ake dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa na ƙarni na 15. Ɗan Zariya yana da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, mai rufin bakan gizo. Ɗan Nijar yana da masallacin Agadez, wanda hasumiyarsa ta ƙasa ta kai mita 27, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Amma ba jarrabawar tarihi kika zo ba. In ba ki tuna shekara ba, ki ce tsohon gini ne ƙwarai, ki wuce zuwa abin da ya fi yalwa: yaushe kika fara zuwa, da wa, me kika gani, yaya matakalar take, me kika ji da kika hango gari daga sama ko kika tsaya a gindinsa. A minti ɗayan shiri kada ki rubuta jimla, kalma ɗaya ko biyu ga kowane layi na katin ta wadatar. Ki ci gaba da magana har sai an tsayar da ke. Katsewar mai jarrabawa lokaci ne ya cika, ba alamar kin yi kuskure ba ce.

Kashi na uku shi ne inda masu 6 suka fi tsayawa, domin suna ci gaba da cewa "ni" da "gidanmu" alhali an koma tambayar mutane gaba ɗaya. Aka ce me ya sa benaye ke ƙaruwa a birane, ki yi maganar tsadar fili, da kwararar mutane daga ƙauye, da yadda matasa ma'aurata suka fi son zama su kaɗai maimakon gidan gandu. Aka ce ya kamata gwamnati ta kashe kuɗi wajen adana tsofaffin gine-gine, ki kawo hujjar masu cewa asibiti da makaranta sun fi gaggawa, sannan ki faɗi naki ra'ayin, ki kafa misali da ganuwar Kano da ta Katsina, waɗanda zaizaya da gine-ginen mutane suka cinye sassa da yawa nasu. Abin da aka rushe ba ya dawowa, kuma magina masu sanin tubali da makuba suna raguwa. Wannan batu ne da ya dame ni ƙwarai, kuma na lura ɗalibi in yana magana a kan abin da ya dame shi, harshensa yakan saki.

Sai furuci. Ba a neman ki koma Baturiya, karin harshenki ba laifi ba ne muddin ana fahimtarki ba wahala. Amma batun gida cike yake da kalmomin da ke kama Bahaushe: "flat", "floor", "roof", "apartment", "people". Mu a wurinmu sautin f da p ba sa bambanta ma'ana, a Turanci kuwa suna bambantawa. Ki tsaya gaban madubi: a p leɓɓa biyu ke haɗuwa su buɗe, a f haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Haka v da b a "village" da "building". Ki kula da cusa wasali a tsakanin baƙaƙe a kalmomi irin "bricks" da "street", da haɗiye ƙarshen kalma, domin in s na jam'i ko ed na shuɗaɗɗen lokaci bai fito ba, mai saurare zai ɗauka kuskuren nahawu ne. Ki kuma guji kalmomin dillalan gidaje na nan gida da ba kowa ya san su a waje ba, irin su "self-contain", ko ki bi su da bayani kamar yadda kika yi wa zaure.

Wajen atisaye, wayarki ta isa. Ki ɗauki tambaya ɗaya, ki naɗi amsarki, ki saurara kina neman abu guda kawai, yau tsayawa da maimaici, gobe lokutan aikatau, jibi f da p. Ki sake amsa tambayar da wasu kalmomin dabam, kada ki maimaita na farko. In kina da abokiyar aiki mai shirin jarrabawar, ku riƙa yi wa juna tambayar ba-zata, ta katse ki da "me ya sa" a tsakiyar magana, domin haka za a yi miki a kashi na uku. A ranar jarrabawa kuma in ba ki ji tambaya sosai ba, ki nemi a maimaita, a kashi na uku ma kina iya neman a fayyace miki abin da ake nufi. Hakan ya fi ki amsa tambayar da ba a yi miki ba.