Zakarana ba shi da lafiya, zan iya yanka shi mu ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon kaji a bayan gida a Unguwar Rogo, Jos. Tun shigowar hunturu zakarana ya daina cara, ya saki fukafukai, kashinsa kore, wuyansa kuma ya fara murɗewa. Kwana uku ina zuba masa magani a ruwa. Maƙwabcina ya ce in yi maza in sa masa wuƙa kada ya zama mushe. Ya halatta mu ci, ko in kai shi kasuwa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka maka da ɗawainiyar da ka yi da shi. Annabi (SAW) ya hana zagin zakara saboda yana tayar da mutane salla, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito.

Yanka mara lafiya yana halattawa muddin da sauran rai, saboda faɗin Allah a Suratul Ma'ida, aya ta 3: "sai abin da kuka yanka." Bukhari ma ya ruwaito labarin baiwar Ka'abu bin Malik da ta ga tunkiya na shirin mutuwa, ta fasa dutse ta yanka ta, Annabi ya ce a ci. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta wa mara lafiya motsi mai ƙarfi bayan yanka, kamar shure-shure da bugun fiffike. Ɗan jinin da ya tsiyayo kawai bai wadatar ba.

Amma ɗan'uwa, wuƙa ba ta kashe cuta. Alamomin da ka lissafa irin na annobar kaji ne ta Newcastle, suna kuma kama da na murar tsuntsaye, wadda kan kama mutum wajen fiɗa da fige gashi. Ga maganin da bai gama fita daga naman ba. Shari'a ta hana cutar da kai da cutar da wani, don haka ba na ganin ka ciyar da iyalinka shi kafin likitan dabbobi ya duba. Kai da Vom ke kusa da kai, inda ake haɗa rigakafin ciwon Newcastle, ba ka da uzuri.

Kasuwa kuwa, sayar da shi tare da ɓoye aibinsa algus ne, haramun ne.

Ka ware shi daga sauran kajin yau, ka ajiye masa ruwa da dusa wuri mai ɗumi, ka wanke hannu da sabulu. In wahalar ta yi yawa, ka wasa wuƙa ka hutar da shi, ka binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba, kada a jefa a kwata.

Wallahu a'alam.